Gwarar Ingila ce ta kori tsuntsayen Amurka?

Malam Isiyaku: Jama'a, ina nan kan bakana. Gwarar da aka kwaso daga Ingila aka sake ta a Burukilin ta Niyok wajen 1851, ita ta kusa ƙarar da bulubad, shuɗin tsuntsun nan na gabashin Amurka. An kawo ta don ta cinye tsutsar da ke lalata ganyen itatuwa, sai ta ɓige da ƙwacen gida. Dukansu a kogon itace suke sheƙa, ita kuma ba ta ƙaura da hunturu, kafin lokacin ƙwai ta riga ta kama wuri.

Hajiya Rabi: Malam, ka jibga mata laifin da ba nata kaɗai ba. Manoma sun sare matattun itatuwa, sun cire turakun shinge na katako sun kafa na ƙarfe, kogunan sheƙa suka yi ƙaranci. Ga kuma sitalin, wani tsuntsun Turai mai sheƙa a kogo da aka sako a Niyok a 1890, ya fi ta girma da faɗa.

Malam Isiyaku: Hajiya, sitalin yana da magani. A yi wa akwatin sheƙa da ake kafa wa bulubad ƙofa mai faɗin inci ɗaya da rabi, ba zai shiga ba. Gwara kuwa sulalewa take ciki, ta fasa ƙwai, ta caccaki uwar a ka har lahira, wani lokaci ta gina sheƙarta a kan gawar.

Ɗanladi: Subhanallahi! Wannan 'yar mitsitsiyar?

Hajiya Rabi: Wannan ban musa ba. Amma gwara ba ta nisa da mutum, tana wajen rumbu da barga da ɗakin kaji. Masu kafa akwatuna can cikin makiyaya ba sa shan wahalarta sosai. Mai watsa gero a tsakar gida kuma ya rataya akwati a gefe, shi ya gayyato ta.

Ɗanladi: Yaya Isiyaku, to kashe ta kake so a yi?

Malam Isiyaku: Dokar 1918 mai kare tsuntsayen Amurka ba ta haɗa da ita ba. A cire sheƙarta tun ba ta yi ƙwai ba.

Hajiya Rabi: Sai dai ka sani ita ma raguwa take. Tun da motoci suka maye gurbin dawakai, hatsin da take tsinta a kashinsu ya ɓace daga tituna. A Landan ma, inda take 'yar gida, yanzu cigiyarta ake.

Malam Isiyaku: A Landan a kare ta, ban hana ba. Zancen jihar Ohayo ta Amurka nake.