Kisan kai a Japan, ƙasar ladabi

Ɗalibi daga Maraɗi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ana yabon mutanen Japan da ladabi, to me ya sa labaran kisan kai da ke fitowa daga can suke tayar da hankali haka?

Malamin makaranta, unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kisan kai ba shi da yawa a Japan, shi ya sa kowane ɗaya yake girgiza ƙasar. A watan Maris na 1995 wata ƙungiyar addini mai suna Aum Shinrikyo ta saki iskar guba cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, kuma sai a 2018 aka rataye shugabanta, Shoko Asahara.

Hajiya mai sayar da atamfa:
Malam, abin da ya fi ci mini rai shi ne wani iyali a unguwar Setagaya ta Tokiyo, uba da uwa da yara biyu, waɗanda aka kashe a gidansu ƙarshen Disamban 2000. Makashin ya daɗe a gidan, ya ci abin da ke cikin firiji, ya bar tufafinsa da jininsa, amma har yau bai shiga hannu ba. Allah ya tona asirinsa.

Malamin makaranta:
Amin, Hajiya. Ba a rufe binciken ba, domin a 2010 Japan ta soke wa'adin da ke hana gurfanar da mai kisa idan shekaru sun ja.