Wai me yasa dokar bindiga a Texas daban ta New York daban, alhali ƙasa ɗaya ce?

Dan_Bronx:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu sani ku warware min wannan. Shekara bakwai ina New York ina jan tasi, watan jiya naje Houston wajen yayana, muna cikin kanti sai ga wani dattijo da ƙaramar bindiga a ƙugu ƙiri-ƙiri yana zaɓen tumatir abinsa, ba wanda ma ya ɗaga kai ya kalle shi sai ni. Na zunguri yaya nace ɗan sanda ne wannan? yayi dariya yace kai baƙauye nan Texas ne. To nan Bronx in aka kama ka da bindiga ba lasisi ai sai gidan yari. Ba tsarin mulki ɗaya ake bi bane? Kuma yanzu yaya ya matsa wai in na koma can in mallaki tawa tunda aikin dare nake, ni kam raina bai kwanta ba.

Baffan_Houston:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tsarin mulki ɗaya ne amma kowace jiha da majalisarta da gwamnanta, kuma galibin dokokin bindiga a jiha ake yinsu. Abin da ya haɗa su shi ne gyara na biyu na kundin tsarin mulki tun 1791, wanda yace ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallaka da ɗaukar makami ba. Rigimar duk akan fassara ce, saboda farkon jimlar ya ambaci dakarun sa-kai, wasu suka ce to su ake nufi ba kowa da kowa ba. A 2008 Kotun Ƙoli a shari'ar Heller tace haƙƙi ne na mutum ɗaya ɗaya ya ajiye bindiga a gidansa don kare kai, a 2010 a shari'ar McDonald da birnin Cikago tace jihohi ma dole su bi. Sai 2022 shari'ar Bruen, wannan ku ta shafa kai tsaye, da can a New York sai ka kawo dalili na musamman kafin a baka izinin fita da bindiga, kotu ta soke wannan sharaɗin. Sai jiharku ta sake sabuwar doka ta lissafo wuraren da ba a shiga da ita har da Times Square, kaga kotu ta buɗe ƙofa su kuma sun saka labule.

Nan Texas kuwa gwamna Greg Abbott ya sa hannu a wata doka da ta fara aiki tun Satumban 2021, in ka kai shekara 21 kuma ba ka cikin waɗanda doka ta hana, kana iya fita da ƙaramar bindiga ba lasisi. Kuma ba mu kaɗai ba, sama da rabin jihohi haka suke yanzu. Ni dai ina da ita a gida bazan ɓoye ba, ɓarawo baya zuwa neman lasisi, doka mai tsauri mai bin doka kawai take ɗaurewa. Kafin yan sanda su iso ai an gama abin da za a yi.

Maman_Ilham:
Baffa da girmanka amma wlh wannan maganar ta ɓarawo baya neman lasisi na gaji da jinta. A jiharku ne fa garin Uvalde yake, inda a watan Mayun 2022 aka harbe yara 19 da malamansu 2 har lahira a aji, kuma yaron da yayi abin bai saci bindigar ba, yana cika shekara 18 yaje kanti ya saya bisa doka. Yan sanda da makamai cike da makarantar sun fi awa ɗaya kafin su shiga ajin. Ina mutumin kirki mai bindiga da ake ta mana waƙarsa? Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da mutane basa so a faɗa shi ne a shekarar 2021 sama da mutum dubu 48 bindiga ta kashe a Amurka kuma fiye da rabi kansu suka kashe, ba ɓarawo ba ɗan fashi, bindigar gida ce da aka saya don kare iyali. Mutum ya shiga damuwa na dare ɗaya, abin yana cikin durowa, shikenan. Ga yara masu binciken ko'ina.

Sannan masu cewa ai ga New York da Cikago da dokokinsu ana harbi, ku tambaya daga ina bindigogin suke zuwa. Yawancin waɗanda ake kamawa a New York daga wasu jihohi aka shigo dasu, irinsu Jojiya da Bajiniya, a mota kawai ta babban titi. Ka toshe ƙofarka maƙwabci ya bar tasa a buɗe kuma katanga babu.

Baffan_Houston:
Hajiya ban musa Uvalde ba, Allah ya kiyaye mana zuri'a. Amma Buffalo fa a New York take, a watan da aka yi na Uvalde aka harbe mutum 10 baƙar fata har lahira a kanti, duk da dokar da jihar tayi a 2013 bayan harbin makarantar Sandy Hook. Kuma tawa a akwatin ƙarfe take a kulle, yarana basu san ma inda makullin yake ba.

Maman_Ilham:
To in a kulle take ƙarfe uku na dare ɓarawon zai tsaya jiranka ka nemo makulli kenan Baffa? Yaran kuma sun sani, ka tambaye su ka gani.

Bagusaje:
Ni ina Gusau ina karanta ku ina murmushi mai ciwo. A watan da kotunku ta yanke wancan hukuncin na Bruen, Yunin 2022, gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga saboda yan bindigan daji. Nan take babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor yace gwamna bashi da wannan hurumin, domin a Najeriya sha'anin makamai na gwamnatin tarayya ne kaɗai, kunga akasin naku kenan. Wanda aka kore shi daga gonarsa bazai ga laifin Baffa ba. Amma kuma mun ga yadda yan sa-kai da makami suka riƙa ɗaukar doka a hannu, ramuwa ta haifi ramuwa, har yau muna ciki. Ni na kasa tsayawa gefe ɗaya gaskiya.

Direban_Tirela:
Ku bar muhawara in ba yaron nan abin da zai amfane shi. Dan Bronx wace takarda gare ka? In girin kad ne, wato takardar zama na dindindin, dokar tarayya ta yarda ka saya, a kanti mai lasisi za a bincika sunanka ta na'urar FBI kafin a miƙa maka. In biza ce ta ziyara ko karatu to asali haramun ne sai da wasu togaciya kamar lasisin farauta, in kuma ba takarda kar ma ka taɓa ta ko a hoto, laifin tarayya ne kuma zai kai ka ga kora. Na biyu, abin da ya halatta a Houston baya binka zuwa Bronx, New York bata karɓar lasisin Texas. Akwai dokar 1986 da ta yarda ka ratsa jiha da bindiga in ba harsashi a ciki kuma a kulle inda hannu baya kaiwa, amma ratsawa aka ce ba zama ba, kuma an sha kama mutane a filayen jirgin New York da ita a jaka suna cewa ai a jiharmu halal ce. Na uku in ta manhaja kake ɗaukar fasinja karanta ƙa'idarsu, Uber ta hana direba ɗaukar bindiga yana aiki ko da jiha ta yarda.

Dan_Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Girin kad gare ni Oga direba, kuma Uber ɗin nake niyyar yi a can, kaga maganar yaya ta aikin dare ta faɗi kenan. Ta gida kuma sai na tuntuɓi madam tukuna, don na karanta mata amsar Maman Ilham tace a gaishe ki.