Musayar Waƙa: Fuskar Wa Na Zana?

'Yar Barno:
Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na zane ya ce kowa ya zauna gaban madubi ya zana kansa. Ga abin da ya fito, mai iyawa ya ɗora.

Na ɗau fensir na jingine madubi,
Na ce yau zan fitar da kamannina.

Na ja layin gira na sauko ƙasa,
Sai ga hancin Baba cikin zanena.

Na zo kan baki, ashe na Inna ne,
Har murguɗin da take yi wa ƙannena.

Goshin na Kaka ne babu musu,
Shi ta bar mini ya zama gadona.

Tsagar kumatunta ce ban samu ba,
Baba ya hana wanzami taɓa kuncina.

To in sa ta a zanen ko in bar ta?
Ba ta fuskata, tana cikin jinina.

Jauro Mai Sanda:
Baiwata, sannu da aikin fensir,
Ki sa tsagar don in gane kayana.

Babarbare in babu zane a kunci,
Wa zai shaida shi cikin bayina?

Dogon hancin da kike yabo na Baba,
Aro ya yi, je ki duba dangina.

'Yar Barno:
Jauro, koma ruga ka tatsi nagge,
Madubinka ruwan tafki ne, bawana.

Mai Hoto na Sabon Gari:
Fulani da Barebari, a dakata haka nan. Ku ji labarin wani ɗan sana'armu, Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, yaƙin Biyafara ya rutsa da shi a Najeriya, daga baya kawunsa ya tafi da shi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon hoto.

Yini yake yana ɗaukar mutane,
Dare ya yi, ƙofar shago ya rufe ta.

Ragowar fim da ta saura a kyamara,
Da hoton kansa yake ƙarasa ta.

Ya sa tabarau da wando mai faɗin ƙafa,
Takalmi mai tudu, tsayuwa ya gyara ta.

Kakarsa na Najeriya tana jiran labari,
Hoton ne wasiƙar da yake aika mata.

Ta ga yana raye, ya girma, ya yi kyau,
Jikan da tafiya ta raba shi da ita.

A 2008 ya shiga rigar manya,
Mandela, Lumumba, duk ya kwaikwaita.

Ya zama Haile Selassie da lambobinsa,
Har Angela Davis ya zama, da gashinta.

Wanda ya taso nesa da danginsa,
Ya zaɓo wasu, zuriyarsa ya faɗaɗa ta.

Ɗan Tsangaya:
Ni kam a gidanmu zanen mai rai,
Malam bai taɓa yarda da shi ba.

Na san malamai sun saɓa kan hoto,
Ban zo nan don in yanke hukunci ba.

Sai na zana buzun da Malam ke zama,
Da allon da ban gama wankewa ba.

Ga kurtun tawada, ga alƙalamin gamba,
Ga hular wana da ba ta yi mini daidai ba.

Yayata ta gani ta ce, ai wannan kai ne,
Alhali ko ido ɗaya ban sa ba.

Gwaggon Yara:
Ɗana na tsangaya, ka yi dabara, Allah ya yi albarka. Ke kuma 'yata ta Barno, har yanzu ba a amsa miki ba. Frida Kahlo, wata mai zane 'yar Meksiko, hatsarin motar haya ne ya kwantar da ita a 1925, aka ɗaura mata madubi a saman gado ta riƙa zana kanta. A 1936 ta zana asalinta kamar haka:

Ta tsaya tsakar gidansu mai shuɗin bango,
'Yar mitsitsiya, a siffar yarinya.

Jan ƙyalle ne riƙe a hannunta,
Ya zarga iyaye da kakanni gaba ɗaya.

Uwa da uba cikin kayan aurensu,
Sama da ita, ango da amarya.

Iyayen uwa ta sa su bisa duwatsu,
Ƙasar Meksiko ke nan ba tambaya.

Iyayen uba ta sa su bisa teku,
Don daga Jamus ya yo tafiya.

To zana Kaka da tsagarta a bayanki,
Ki bar kuncinki yadda yake, ɗiya.

Auta na Damagaram:
Ku kuna da wanda za ku kwatanta,
Ni ina goye Allah ya karɓe shi.

Babu hoto, ko na katin shaida,
Sai rawani ɗaya cikin akwatinshi.

Gwaggo takan ce in raina ya ɓaci,
Har jijiyar goshina irin tashi.

Sai na zana kaina na ƙara gemu,
Na sa furfura, na naɗa rawaninshi.

Na kai wa Inna, ta daɗe tana kallo,
Ta ce, ƙara kunnen, ya fi haka nashi.

Jauro Mai Sanda:
Allah ya jiƙan Baba, Auta, ya kai haske kabarinsa. A ƙara kunnen kamar yadda Inna ta ce.

Ni ma na gwada, na ɗauko gawayi,
Na zana kaina a bayan faifaina.

Malfa ta fito, sanda ta fito,
Fuskar ce ta ɗauko ta bijimina.

'Yar Barno:
Bar shi haka, Jauro, kada ka goge,
Yau dai ka faɗi gaskiya, bawana.