Naushin bango yana ƙarfafa ƙashin hannu, ko illa yake yi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Watana huɗu da fara damben boksin. Wani da muke atisaye tare ya ce in riƙa naushin bango sau 50 kullum, wai ƙashi zai tsattsage kaɗan-kaɗan, in ya haɗe ya zama kamar ƙarfe. Mako biyu na yi, yanzu tushen yatsana na tsakiya ya kumbura, ko biro da ƙyar nake riƙewa. In ci gaba?

Mai Karate: Wa alaikumus salam, ƙanina. Maganar tana da asali. Ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara kauri a inda ake ɗora masa nauyi. Likitan Jamus Julius Wolff ya rubuta haka tun 1892, kuma an auna 'yan wasan tanis an ga ƙashin hannun da suke bugu da shi ya fi ɗayan kauri. Mutanen Okinawa ta Japan ba banza suka ƙirƙiro makiwara ba. Shekarata 11 ina dukanta, ban taɓa karaya ba.

Koci: Malam, to gaya masa mece ce makiwara. Katako ne mai lanƙwasa, an naɗe kansa da igiya, in ka dake shi ya ja baya ya shanye wani ɓangare na ƙarfin. Siminti fa? Duk abin da ka ba shi a hannunka yake ƙarewa. Yaro, daina yau ɗin nan.

Mai Gashin Ƙashi: Ku bar ƙashin tukuna, kumburin nan ne ya dame ni. Hannu ɗaya ƙasusuwa 27 ne, yawancinsu ƙanana, jijiyoyi ne suke ɗaure da su. A bisa gaɓar da ya ce akwai wani siririn maɗauri mai riƙe jijiyar da ke miƙar da yatsa. Yawan duka na yaga shi, sai jijiyar ta zame gefe duk lokacin da aka dunƙule hannu, wani ma sai an kai ga tiyata. Guringuntsin gaɓa kuwa jini ba ya ratsa shi, in ya cinye da wuya ya dawo. Abin da masu dukan bango ke kira ƙarfi, sau da yawa kanta ce da fatar da ta daina jin zafi.

Mai Karate: Hajiya, na yarda da ke a kan siminti. Amma ku 'yan boksin safar hannu ta sangarta ku. Kafin dokokin boksin na Queensberry na 1867 ai da tsuran hannu ake gwabzawa.

Koci: Haka ne, kuma shi ya sa suka fi kai duka ga jiki, suna kaffa-kaffa da goshi. Mike Tyson da kansa, a 1988, ya naushi ɗan boksin Mitch Green a kan titi a unguwar Harlem ta New York ba safa, hannunsa ya tsage, har aka ɗage wasansa da Frank Bruno. Ni ma na ɗanɗana. Na kai wa buhu duka a karkace ba bandeji, na ji ƙas a bayan ƙaramin yatsa. Mako shida ina ɗaure, har yau in na dunƙule hannu gaɓar nan a lotse take, ba ta fitowa kamar sauran. Wannan ƙashin shi ne ya fi karyewa a naushi, domin siriri ne kuma yana motsi.

Sabon Shiga: To Koci, me zan yi a madadinsa?

Koci: Ka sauke naushi a kan gaɓoɓi biyu na farko, manuniya da na tsakiya, wuyan hannu a miƙe sak da damtse. Bandeji mai tsawon mita huɗu da rabi, ka bi da shi tsakanin yatsu, sannan safa mai kauri. Ka cika bokiti da yashi ka riƙa cusa hannu kana damƙa kana murzawa. Ka riƙa dogara jikinka a kan dunƙule bisa tabarma mai laushi, daƙiƙa 20 da farko.

Mai Karate: Makiwara dai ba zan bari ba. Sai dai ni da duka 10 marasa ƙarfi na fara, malamina na tsaye a kaina, kuma ranar da fata ta fashe hutu nake yi.

Mai Gashin Ƙashi: Ƙanina, duk wannan sai kumburi ya saɓe. Ka je a ɗauki hoton hannun. Yanzu dunƙule shi a hankali ka duba: jijiyar tana nan a tsakiyar gaɓa, ko tana zamewa wajen ƙaramin yatsa?