"Sharrin Shaiɗan ne": to wa zai biya kuɗin kwanon?

Ayuba: Salama gare ku. Ga waɗanda ba su zo sujada jiya ba: ɗan'uwanmu da muka ba ajiyar kuɗin kwanon rufin ajin yara ya tashi gaban ikilisiya yana kuka, ya ce ya zuba su a cacar ƙwallo ta waya, kuma sharrin Shaiɗan ne. A bakin ƙofa na ji ana cewa tunda ya furta, magana ta mutu. Ni dai a wurina ba ta mutu ba.

Mama Ladi: Haba Ayuba. Ka san nauyin tsayawa gaban mutane ka tona asirin kanka? Kuma Shaiɗan ba tatsuniya ba ne. 1 Bitrus 5:8 ta kwatanta shi da zaki mai ruri, yana neman wanda zai cinye.

Ayuba: Mama, ban musa muku ba. Amma Shaiɗan ne ya buɗe asusun cacar? Shi ya danna lambar sirri?

Istifanus: Wannan uzurin ai ya girmi ganuwar Katsina. A Farawa 3 Adamu ya ɗora wa matar, har ya shafa wa Allah da Ya ba shi ita, matar kuma ta ɗora wa maciji. Wanda ke ba ni dariya Haruna ne a Fitowa 32: wai ya jefa zinariya a wuta, sai ga ɗan maraƙi ya fito. Da kansa fa! Yakubu 1:14 kuwa ta ce sha'awar mutum ce ke janyo shi.

Talatu: Yaya Istifanus, a bi a hankali. Bulus ma a Romawa 7 ya ce nagartar da yake so ba ita yake yi ba. Caca kamu take yi kamar ƙwaya. Ƙanena ya taɓa sayar da injin ban-ruwan Babanmu saboda ita. Na gan shi ƙarfe biyun dare a zaure, hasken waya a fuskarsa, hannu na rawa, yana jiran wasan da ake bugawa a wata ƙasa. Wannan ba mutum ne mai cikakken iko da kansa ba. Kuma shi wannan ɗan'uwan namu mai ajiyar kuɗin kwanon, mahaifinsa ma haka ya ƙare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Istifanus: Talatu, karin maganarki Isra'ilawa ma suna da irinta, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. A Ezekiyel 18 Ubangiji ya hana a ƙara faɗinta. Kowa da nasa.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, na karanta duka. Mu da muka taso a ƙauyukan Malumfashi, in akuyarka ta ci dawar maƙwabci, ba ka cewa iska ce ta kwance ta. Ka auna dawa ka kai masa, sannan ku gaisa. Da bishara ta zo mana ba ta soke wannan ba. Ku duba Zakka mai karɓar haraji a Luka 19: ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Sai bayan nan Yesu ya ce ceto ya zo gidan. Dauda ma, da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, bai ambaci kowa ba, cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi. Jiya na kasa kunne in ji "ni na ɗauka", ban ji ba. "An rinjaye ni" na ji. Gafara kam mun yi masa, kyauta ce. Kwano ne ba a bayarwa kyauta a kasuwa.

Mama Ladi: Baba, kun yi gaskiya. Tsorona kada a sa shi a horon ikilisiya, a kai shi kujerar baya, a hana shi Jibin Ubangiji wata shida, kunya ta kore shi gaba ɗaya. Mun ga waɗanda horo ya kora, har yau ba su dawo ba.

Hannatu: Ku gafarce ni, ni ce ƙaramarku. In bera da sata, daddawa ma da wari. Mu goma sha biyu ne a kwamiti. Wa ya taɓa cewa a nuna mana takardar banki? Wata biyar kuɗi na cikin asusun mutum ɗaya marar aikin yi, mu kuma muna ta "Allah ya sa albarka". Ni ce magatakarda, sau biyu na yi niyyar tambaya, na ji nauyi na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na Shaiɗan ba.

Ayuba: Kai, Hannatu. Ni ma ina kwamitin.

Talatu: To kun gani.

Istifanus: Mun gani, amma sakacinmu bai rage masa ko kwabo ba.

Baba Dattijo: Ba wanda ya ce ya rage. Ayuba, gobe bayan addu'ar safe ka zo mu je gidansa tare, kada a kira shi gaban taro. Ya faɗi da bakinsa nawa zai iya kawowa duk wata. Hannatu, ki taho da littafin kwamiti.

Mama Ladi: Damina fa saura wata biyu, Baba. Yaran a ina za su zauna?