Maigidana yana so mu je zamiyar ƙanƙara, ni kuwa littafi da kifin bakin kogi na sani

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar lakwal ce a nan Yamai, shekararmu 9 da aure, yaranmu biyu. A sanyin 2022 wurin aikin maigidana suka tura shi ƙaro ilimi Faransa, birnin Girenobul, wata uku. A can abokan karatunsa suka hau da shi dutse, suka ɗaura masa allon nan da ake zamiya da shi kan dusar ƙanƙara, wanda suke kira sunobod. Tun da ya dawo abin bai fita ransa ba. Akwai wani ɗan bidiyo a wayarsa da bai kai minti ɗaya ba, ya kalle shi ya fi a ƙirga. Wani lokaci bayan isha'i sai ya tsaya kan tabarma, ya ɗan durƙusa, ya buɗe hannuwa, yana gwada wa yara yadda ake danna dunduniya a tsayar da allon. Mutumin da daga aiki sai masallaci sai gida, ko ƙwallo ba ya kallo. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba.

Yanzu mun ɗauki adashe, mun haɗa da abin da muka ajiye, ya kai miliyan biyu da rabi na sefa. Ya ce mu bar yara wurin Inna, mu tafi mu biyu, sati ɗaya.

Ni hutuna daban ne. Ranar Asabar bayan la'asar mu je bakin kogi kusa da gadar Kennedy, a gasa mana giwan ruwa da albasa da yaji, in buɗe littafin da na aro, in yi ta karatu har a kira magariba. Ban nemi fiye da haka ba. Sanyin Janairu na Yamai ma da safa nake kwana.

Ina ya kamata mu je? Mai hijabi za ta iya? Yaya abinci? Abin da ya fi damuna kuma: in na bi shi na zauna ina karatu ban hau allon ba, na ɓata kuɗi ke nan? In na ce ya tafi shi kaɗai, ina tsoron in kashe masa abin nan ɗaya da yake murna da shi.

Wani ɗalibi a Marakesh: Wa alaikumus salam Malama. Mafi kusa da ku Maroko ce. Akwai Ukaimedan a tsaunukan Atlas, kamar kilomita 75 daga Marakesh. Inda motoci ke tsayawa ma ya kai mita 2,600, ya ɗara ƙololuwar Bagzam ta Ayar mai mita 2,022. Royal Air Maroc na tashi daga Yamai zuwa Kasablanka, daga nan jirgin ƙasa wajen awa uku. Sai dai in gaya miki gaskiya, dusar ba ta da tabbas. Janairu da Fabrairu ne lokacinta, kuma shekarun nan na fari akwai ranar da muka hau muka tarar da duwatsu tsirara. Ke kuma hutun lakwal ƙarshen Disamba ne ko ƙarshen Maris, duka biyun a gefen lokacin suke. Wajen ci dai ba za ki yi kuka ba, ga tajin, ga miyar harira, ga shayin na'ana'a.

Maman ƴan biyu: Ƴar uwa, ki cire Faransa daga lissafi tukuna. Ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, neman biza sai kin fita wata ƙasa. Ga kuma abincin wuraren zamiyarsu, yawanci cuku ne da naman alade, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki ma da giya ake dafa shi. Za ki wuni kina tambayar me aka sa.

Ni saro kaya nake yi a Istanbul, kuma sau biyu na je Kayseri, wani gari a Turkiyya. Dutsen Erjiyes yana bayan garin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, tsayinsa mita 3,917, kuma ana zamiya tun Disamba har cikin Maris, wata shekarar har Afrilu. Jirgin Turkish Airlines na zuwa Yamai, ofishin jakadancin Turkiyya ma yana nan, sai ku fara neman biza da wuri. Ku kwana cikin gari ku riƙa hawa da safe, ya fi otal ɗin kan dutse sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar hijabi kuwa ki kwantar da hankalinki. Kowa a can a rufe yake ruf, namiji da mace, ido ma da tabarau. Ƙaramin hijabi mai kama kai za ki sa, hular kwano ta hau kansa, ki samu doguwar rigar sanyi mai sauka cinya da wando mai faɗi wanda ruwa ba ya ratsa shi. Mayafi mai jan ƙasa ne kawai ban da shi, yana iya maƙalewa a kujerar da ke hawa da mutane. Kada ki sa rigar auduga a ciki, tana shan gumi ta yi sanyi a jiki. Allo da takalmi haya ake yi, rigunan kuma ki duba wurin ƴan gwanjo kafin ku tashi.

Tunda kina son cin abinci a waje, Kayseri garinki ne. Suna da wani busasshen naman sa, pastirma, da ake shafe shi da hulba da tafarnuwa da barkono. Ranar da na fara ɗanɗanawa sai da na tuna kilishinmu. Akwai kuma manti, ƴan mitsi-mitsin ƙullin fulawa da nama a ciki, a zuba musu kindirmo.

Wani ma'aikacin asibiti: Hajiya, kafin tikiti ku duba jininku in ba ku taɓa yi ba. Mai emasi, wato sikila, sanyi mai tsanani da ƙarancin iska a kan dutse suna tayar masa da ciwo. Mai AS ma, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, saifarsa na iya samun matsala a wuri mai tsayi. Yamai kusan mita 200 take sama da teku, ku kuma za ku wuce 2,000 a wuni ɗaya. Ranar farko ku huta, ku sha ruwa sosai ko ba ku jin ƙishi.

Sabon shiga a sunobod wuyan hannu ya fi karyawa, domin ƙafafu biyu a ɗaure suke kan allo guda, in mutum ya tafi faɗuwa sai ya tokare da tafi. Akwai abin kare wuyan hannu, ku saya ko ku yi haya, da hular kwano. Kada Alhaji ya ce shi zai koya miki, wata uku ba ta mai da shi malami ba. Ku biya mai koyarwa. Ku kuma tabbatar inshorar tafiyarku ta ambaci wasannin ƙanƙara a rubuce, da yawa ba sa ɗaukar wannan.

Wani magidanci: Ni dai a ganina ya tafi shi kaɗai. Tikitin jirgi ne zai cinye mafi yawan kuɗin. In shi kaɗai ya tafi, rabin da ya rage ya isa kuɗin makarantar yara, ke kuma ki sayi littattafanki. Ba dole ne duk abin da miji ke so mata ta so ba.

Wata Hajiya daga Tawa: Ɗiyata, da na fara karantawa niyyata in ce miki ku sayi fili ko ku tahi Umra. Sai na tuna marigayi maigidana, Allah ya jiƙan shi. Shi kokowa ce ranshi. Tun gasar farko ta ƙasa da anka yi nan Tawa a 1975 yana saurayi, bai bar bin ta ba. Ya je Maraɗi, ya je Dosso, ya je Damagaram. Kullum sai ya ce in zo mu tahi, ni ko in ce mi zan gani ga maza suna ka da juna cikin ƙura. Yana dawowa da murya a dishe, yana so ya ba ni labarin wanda ya ɗauki takobi, ina jin shi da kunne guda ina tankaɗe. Yau shekara shida ba ya nan. In an sa kokowa a talabijin ni kaɗai nake zama in kalla har a gama, ban ma san dokokin ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ban ce ki hau allo ba. In babu bashi bisa kanku, kuma kuɗin lakwal na yara na aje, ki ɗauki littahinki ki bi mijinki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama ta Tawa, kin sa ni kuka, Allah ya kai haske kabarin Baba.

Jiya da yara suka yi barci na karanta masa amsoshinku duka, har da ta mai cewa ya tafi shi kaɗai. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce shi ba zamiyar yake so in gani ba. Wai ranar da dusar ta fara zuba a gabansa, duniya ta yi tsit, ba ƙara ko kaɗan kamar yadda ruwan sama ke yi a kan kwano, sai ya juya zai ce mini duba, ya ga ba na nan. Shekarun nan duka bai taɓa faɗa mini wannan ba.

Kuɗin lakwal mun biya tun Oktoba, ba mu da bashi. Ranar Litinin za mu je gwajin jini. In ya yi kyau, Kayseri muka nufa a hutun Maris in sha Allah. Na yi masa alkawarin darasi ɗaya wurin mai koyarwa, sauran kwanakin ina bakin taga da shayi da littafi, da dare kuma ni zan zaɓi inda za mu ci.

Maman ƴan biyu, don Allah safar hannu fa, ta gwanjo za ta yi ko in bari sai mun isa can?