VS Code ya ƙi ganin JAR na MySQL, ina matsalar take?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu rubuta Java a nan Yamai. Ina aiki da VS Code da JDK 17 a kan Windows. Na ajiye JAR (ƙunshin lambobin Java) na mysql-connector-j, mai haɗa Java da rumbun bayanai na MySQL, cikin jakar lib, na rubuta lib/**/*.jar ƙarƙashin java.project.referencedLibraries a settings.json. Da na danna Run, sai ClassNotFoundException: com.mysql.cj.jdbc.Driver. Amma in na buga java -cp "bin;lib/*" Main da hannu, yana tashi lafiya lau, ke nan JAR ɗin ba shi da laifi.

Zargina yana kan pom.xml da ke cikin jakar aikin, wato fayil ɗin saitin Maven, manhajar da ke sauko da JAR ɗin da aiki ke buƙata. Shin da zarar editan ya ga Maven yakan yi watsi da wancan saitin? In haka ne, in goge pom.xml ko in rubuta MySQL ɗin a cikinsa? Na fi son na farko, intanet ɗinmu ba ta jure sauke-sauken Maven.